Kwamfutar da Ta Sha Turare

Na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin in ɗauki biro. Sau uku ina farawa ina yagewa. Iyakar karatuna firamare ce, kuma babban tsorona shi ne in rubuta wani abu ba daidai ba, wani ya bi ya ƙona kayansa, ya ce ni na koya masa. Amma tun da na dawo daga ƙasar Gwaram abokai suka hana ni sakat. A bakin shago, a ƙofar masallaci, har a wurin mai shayi, maganar ɗaya ce: "Isyaku, yaya ka baro ƙasar waje?" Tsokana ce, don sun san tun da na yi aure ban taɓa kwana a wajen Birnin Kudu ba. Na gaji da maimaitawa, kuma duk lokacin da na maimaita sai in kwana ina tunanin ko na ƙara wani abu ko na rage. Gara in rubuta sau ɗaya kowa ya huta.

Ni mai gyaran rediyo ne da fanka da tocila. Amma da ƙuruciyata na yi aiki a wani shagon buga takardu, a can na saba da tsofaffin kwamfutoci, fararen nan masu talabijin mai ƙatuwar ƙeya. Wannan ne ya jawo mini tafiyar.

Maƙwabciyarmu Maryama, matar tela, ita ta shigo wurin matata Hauwa da maganar. Mahaifinta, marigayi Malam Buba, malamin Islamiyya ne a wani ƙauye a bayan Fagam. Ya rasu ya bar tsohuwar kwamfuta, kuma duk duniya babu hotonsa sai a cikinta. Mahaifiyarsa, Inna Dije, tana nan da rai, amma yanar ido ta rufe mata idon hagu gaba ɗaya, na dama ma saura kaɗan. Ta ce tana son ganin fuskarsa kafin ya ƙarasa rufewa.

Daga bayan labule na ce, "To in na taɓa ta ƙone fa?"

Maryama ta ce, "Malam Isyaku, in ba ka taɓa ba ma ai ƙonanniya ce a wurinmu."

Na ce zan je. Ta riga ni tafiya da kwana biyu don ta sanar da su.

Ranar tafiya na zuba kayan aiki a jaka: mita mai allura wadda nake auna wuta da ita, ƙarfen liƙi, dalma, tef, sukudireba uku, reza, da robar goge fensir. Na zazzage na sake zubawa. Na sake zazzagewa. Hauwa tana tsaye tana kallona ta ce, "Malam, Gwaram za ka ko Makka? In kira dangi a yi bankwana?"

A mota aka haɗa ni kujerar gaba da wani Alhaji mutumin Zandam, dillalin shanu, wanda Allah ya yi wa jiki. Rabin cinyata a kan giya take, duk lokacin da direba zai canza sai ya ce, "Malam, ɗaga." Na rungume jaka a ƙirji. Alhaji ya dube ni ya dubi jakar ya ce, "Jariri ne?" Na ce mita ce. Ya ce in auna masa hawan jini. Na yi masa bayani da gaske cewa ba irin wannan ba ce, har na yi nisa kafin in lura duk motar dariya ake yi. Da muka zo inda ƙasar Birnin Kudu ta ƙare ta Gwaram ta fara, na yi bismilla a bayyane, direba ya ce kowa ya fito da fasfonsa. Ni kaɗai na taɓa aljihu.

A Gwaram na hau babur ɗin wani ɗan acaɓa mai suna Ɗan'azumi, magidanci mai surutu, wanda ya san sunan kowace gona da mai ita. Damina ce, hanya duk taɓo. Kafin mu shiga yankin ƙauyen muka tarar da 'yan banga sun gitta igiya. Babbansu, wani dattijo mai gora, ya sa na buɗe jaka. Da ya ga wayoyi da ƙarafa ya ja da baya ya ce, "Wannan fa?" Na fara ba shi tarihina tun daga shagon buga takardu. Bai bari na kai rabi ba ya zaro wata matacciyar tocila daga aljihu ya ce, "In gaskiya ne, tashe ta." Na kankare tsatsar da ke gindin batir, ta kawo. Nan take wasu tociloli biyu da rediyo ɗaya suka fito daga inda ban sani ba. Sai da na gyara su duka aka sauke igiya. Ɗan'azumi ya ce, "Ka ga an buga maka biza."

Abin da ya biyo baya laifina ne, ba na kowa ba. Tun daga gida nake buɗe jaka ina leƙa mita in tabbatar allurarta ba ta karye ba. Da muka zo wani rafi muka sauka, Ɗan'azumi yana tura babur ni ina bin sa, ruwa iya gwiwa. A tsakiyar ruwan nan zuciyata ta ce, anya ka mayar da mita bayan 'yan banga? Na buɗe. Tana nan. Na ɗago ta don in ƙara tabbatarwa, santsi ya kwashe ni, ta faɗa ruwa. Mun tsamo ta, amma allurar ta kwanta ba ta ƙara motsi ba. Ɗan'azumi ya yi dariya har ya saki babur, shi ma ya kwanta a ruwa. Haka muka shiga ƙauye a jiƙe, ni da shi da babur.

Wanda ya karɓe ni shi ne Baffa Jauro, ƙanin mijin Inna Dije, dogon tsoho mai shanu. Ya sauke ni a ɗakin baƙi mai gadon kara, an ɗaure ɗan maraƙi a bayan tagar, yana leƙowa kamar shi ma yana son jin labarin birni. Aka kawo ƙwaryar fura da nono aka ajiye, kowa ya fice. A nan na fara ganin bambanci. Mu a gida in baƙo ya zo zama ake a ci tare ana hira. Su kuwa barin ka suke kai kaɗai don kada ka ji kunya. Kuma ni a gidana in na rage abinci Hauwa sai ta tambaye ni me ta yi mini. Don haka na shanye tas, na kife ludayi. Aka zo aka ɗauka, aka kawo wata a cike. Na ce a raina kada in ɓata wa mutane, na shanye. Aka kawo ta uku. Ina cikin kokawa da ita, ina gumi, Baffa ya leƙo ya ce, "Malam, yunwa ake yi a Birnin Kudu?" Ashe a wurinsu in ka shanye ƙwarya cewa ka yi ba ka ƙoshi ba. Da bai leƙo ba, ban san inda za mu tsaya ba, ni da shanunsu.

Da yamma muna zaune a kan tabarma Baffa ya gaya mini abin da ban sani ba. Malam Buba ɗan fari ne a wurin Inna Dije. Mu ma muna kunyar ɗan fari, amma tasu ta fi tamu nisa. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai ta ce "wancan". Kakarsa ce ta raine shi. In ya shigo gaishe ta kawar da kai take ta amsa wa bango. "Shekara hamsin da wani abu," in ji Baffa, "ba ta taɓa ƙare masa kallo ba. Yanzu da babu shi take so."

Da safe aka kai ni ɗakin marigayi. Kwamfutar tana can sama a kan wani katako tare da littattafansa, an naɗe ta da farin ƙyalle an rufa mata buzu. Ɗakin yana ƙamshi har yana hawa kai. Maryama ta ce ai tun da ya rasu, duk Juma'a Inna takan sa kaskon turaren wuta a ƙarƙashin katakon, saboda akwai ayoyi da addu'o'in da ya rubuta wa ɗalibai a ciki. Saboda haka kuma ba a taɓa ta sai da alwala. Na je na yi alwala. Sai kuma na tuna wuta zan taɓa da jiƙaƙƙen hannu. Na tsaya a rana ina shanya hannuwa kamar mai roƙon ruwa, na goge a riga, na sake shanyawa, har Ɗan'azumi ya iso. Ya ce ya fasa aikin safe ne don ya ga ƙarshen abin, ya kuma ɗauko ƙaramin janareta daga wurin mai cajin waya.

Muka sauke kwamfutar. Murfin gefe dama babu kusoshi, a jingine yake kawai, ta nan hayaƙi ya riƙa shiga, ta nan kuma ɓeraye suka shiga. Baffa ya gyara tsayuwa ya ce, "Na rage maka aiki. Ɓera ya yanke wasu jijiyoyi huɗu, na ɗaure su shekaranjiya." Na leƙa. Wallahi ban taɓa ganin ɗauri mai kyau irin wannan ba. Ya fere kowace waya, ya murɗa ta da 'yar'uwarta, ya naɗe da zare kamar yadda ake yi wa igiyar maraƙi. Filogin wayoyin yana cuse a jikin faifan ajiya, wato ƙarfen nan mai kamar ƙaramin littafi wanda komai yake ciki, har da hotunan.

Ina cikin duba wannan Ɗan'azumi ya ja janareta a waje, ya jona. Na ɗago kai na ga yatsan Baffa yana tafiya wurin makunni, yana cewa bismillahi.

Ban san lokacin da na cafke hannunsa ba. Na riƙe wuyan hannun dattijo, a gidansa, a gaban jikarsa, na kuma daka masa tsawa: "Kar ka taɓa!"

Na saki hannun na durƙusa na ce, "Baffa, ka yafe mini, ka yafe mini don Allah." Ya dube ni ya ce, "Ɗaurin nawa ne bai yi ba?"

"Ɗauri ya yi, Baffa. Ban san wa aka ɗaura wa wa ba ne."

Ga abin da na yi musu bayani, kuma a nan nake roƙon mai karatu ya nutsu. Wayoyi huɗu ne suke kai wa irin wannan faifai wuta. Rawaya tana ɗauke da wuta mai ƙarfin sha biyu, ita ke juya injin faifan. Ja tana ɗauke da mai ƙarfin biyar, ita ke ciyar da ɗan allon da ke ƙarƙashinsa, wanda shi ne ƙwaƙwalwarsa. Baƙaƙe biyu suna tsakiya. An yanke kusurwa biyu na filogin don kada ya shiga a juye. Amma in an yanke wayoyin aka sake haɗawa, wannan kariya ta tashi. In ja da rawaya suka yi musaya, sha biyu ta shiga inda biyar take, kafin ka ƙifta ido ƙwaƙwalwar ta ƙone.

To ga matsalar. Turaren shekaru ya dafa wayoyin nan, ja da rawaya duk sun koma kalar daddawa. Na kankare da reza, robar tana marmashewa, abin da ya fito ba ja ba ne ba rawaya ba. Baffa ya ce wannan ja ce. Ɗan'azumi ya ce rawaya ce, ya rantse. Maryama ta ce ita ruwan goro take gani. Ga mita ta sha ruwa. Na zauna a ƙasa na dafe kai, ina jin Inna Dije daga tsakar gida tana tambaya, "An kunna?"

Ina kallon ƙofa sai idona ya sauka a kan babur. Na miƙe na ce, "Ɗan'azumi, ara mini ƙwan siginarka." Ƙwan sigina na babur da wuta sha biyu yake aiki.

Na ƙara da cewa, "Amma zai iya ƙonewa, ka sani tun yanzu."

Ya ce, "Ɗauki duka huɗun. Ni hannu nake miƙawa."

Na zare filogi daga jikin faifai, na ajiye faifan can nesa a kan buzu. Na kwance ɗaurin Baffa ɗaya bayan ɗaya, ina lura da wadda ya haɗa da wadda, na ware bakunan don kada su taɓa juna. Na ɗaura waya a gindin ƙwan na manna ta a jikin ƙarfen akwatin kwamfutar. Sannan na kunna. Na taɓa waya ta farko, babu haske: baƙa ce. Ta biyu haka. Ta uku, ƙwan ya yi ja-ja kamar garwashin da ya kusa mutuwa: biyar ke nan. Ta huɗu, ya haska ɗakin fes! Ɗan'azumi ya yi kabbara. Na ɗaura wa wannan farin zare don kada ta ɓace mini. Na kashe, na ɗauko faifan na haska ƙarƙashinsa da fitilar waya, ga shi an rubuta 5 a gefen da ke kusa da bakin faffaɗar igiyar da ke haɗa shi da kwamfutar, 12 a gefen waje.

A juye Baffa ya haɗa su.

Na rasa yadda zan faɗa. Na ce, "Baffa, baƙaƙen nan biyu daidai ka ɗaura su."

Ya ce, "Sauran fa?"

Ya daɗe yana kallon yatsansa. Sannan ya ce a hankali, "Ashe da na binne Buba sau biyu." Ya kamo hannuna, wanda na riƙe shi da shi, ya girgiza ya ce, "Gobe ma in ka ga zan taɓa, ka kama."

Na sa ƙarfen liƙi a cikin garwashin kaskon turare ya yi zafi, na liƙe kowace waya da dalma, na naɗe da tef. Na sake gwadawa da ƙwan a bakin filogi. Na sake. Da zan yi na huɗu Ɗan'azumi ya ce, "Malam, man janareta ba daga rijiya ake ɗebo shi ba." Na cusa filogi, na yi addu'ar da na iya, na danna.

Ta yi ƙara, tiit, tiit, tiit, gilashin talabijin ɗinta baƙi ƙirin. Maryama ta ce, "Shi ke nan?" Na ce a'a, wannan kukan na san shi. Na kashe, na zare 'yar doguwar ƙwaƙwalwar da ke tsaye a kan babban allon da ke cikin akwatin, na goge haƙoranta da robar fensir har suka yi ƙyalli, na mayar. Na danna. Tiit ɗaya tak. Sai na ji faifan ya ɗauka, wani siririn sauti kamar injin markaɗe daga unguwa mai nisa. Rubutu ya fito yana ƙorafin agogonta ya tsaya, na danna maɓallin da ta ce, ta wuce. Gilashi ya yi shuɗi, ga 'yan hotuna ƙanana suna fitowa ɗaya bayan ɗaya.

Jama'a, ni da ko a bikina ban taka rawa ba, sai ga ni ina tsalle a ɗakin marigayi, na rungume Ɗan'azumi, na rungume Baffa, na fita tsakar gida ba takalmi na dawo. Maryama tana dariya tana share hawaye tana neman wurin da hotuna suke. Ta samu. Ga Malam Buba zaune a kan kujera a gaban allon makaranta, da farar riga, ya cika gilashin.

Aka kamo hannun Inna Dije aka shigo da ita, 'yar ƙaramar tsohuwa. Aka zaunar da ita a gaban gilashin. Baffa ya yi wa kowa alama, duk suka fice, don kada ta ji kunyar kallo a gaban mutane. Ni ba zan iya barin wayoyin nan su kaɗai ba, sai na juya mata baya na zuba wa tef ɗina ido. Na ji ta matsa har numfashinta yana taɓa gilashi. Ta daɗe. Ban san iya daɗewar ba, na dai ji janareta ya canza murya sau biyu, kowane karo raina yana tashi.

Can ta ce, ba da ni take ba, "Ashe har ya yi furfura."

Sannan ta ɗaga murya: "Maryama! Wa ya bar shi ya ɗauki hoto da hula a karkace haka?" Daga waje aka fashe da dariya, ita ma tana yi, ni ma ina yi ina kallon bango.

Na dawo gida washegari da kwalbar man shanu da zabuwa mai rai, wadda ta tsere a tashar Gwaram sai da mutum shida suka taya ni kamu.

Yanzu ga roƙona. Kafin in kashe kwamfutar na ji faifan yana wani ƙas-ƙas lokaci-lokaci, kuma ban ji daɗin wannan sautin ba. Mun ɗauki hoton gilashin da waya, amma duk ya fito da baƙaƙen layuka a kan fuskar. Kwamfutar ba ta da ramin da ake sa filashi. An ce mini akwai wata igiya da ake haɗa irin wannan tsohon faifai da kwamfutar zamani a kwashe abin da ke ciki. Bakin faifan faffaɗa ne, na ƙirga alluransa sau huɗu, talatin da tara ne da gurbin ɗaya babu komai. Duk wanda ya san sunan igiyar, ko inda ake samunta, ko ita ma tana da wani haɗari da ya kamata in sani, don Allah ya aiko mini ta hannun direbobin tashar Birnin Kudu, a ce Isyaku mai rediyo. Haka kuma wanda ya san ma'anar ƙas-ƙas ɗin nan ya gaya mini gaskiya, ko da ba mai daɗi ba ce. Na roƙe su kada a sake kunnawa sai na koma. Amma jiya Maryama ta ce kullum da safe Inna takan sa a kai ta ɗakin ta zauna a gaban gilashin, tana tambaya ko mai gyara ya aiko. Ban san kwana nawa za su iya ce mata a'a ba.